Fuskar Da Ke Jawo Kuɗi: Halin Da Shuga Gilaida Ke Ciki A Hannun Masu Kiwo

Shuga gilaida 'yar ƙaramar dabba ce da za ta zauna daram a tafin hannun babban mutum, don nauyinta bai cika wuce giram 150 ba. Asalinta dazuzzukan Ostiraliya ne da tsibirin Niyu Gini da wasu tsibiran Indunusiya, amma yau ga ta cikin keji a ɗakunan mutane a Amurka da Japan da Tailan da Maleshiya da ƙasashen Turai. Wanda ya fara ganinta zai ɗauka kurege ne ko wani irin ɓera, alhali 'yar uwar kangaru ce, cikin dabbobin da uwa ke goyon ɗanta a wata jakar fata da ke jikin cikinta. A kowane gefen jikinta akwai fata da ta tashi daga hannu zuwa ƙafa. Idan ta yi tsalle ta buɗe wannan fata, sai ta yi shawagi daga wata bishiya zuwa wata, har tazarar mita 50.

A kasuwar dabbobin ado kuwa, fuskarta ce jari. Manyan idanu baƙaƙe wuluk, ɗan hanci ja-ja, kunnuwa sirara marasa gashi, baƙin zane da ya taso daga tsakanin idanu ya bi gadon baya, da wani baƙin tabo a ƙarƙashin kowane kunne. Haka take a daji, toka-toka, yadda mujiya ba za ta gane ta da sauƙi a jikin itace ba. Sai dai wannan fuska ta asali ita ce mafi araha. Mai saye yana son abin da maƙwabcinsa ba shi da shi, mai kiwo kuma yana biye masa. Dabbar da ta fito da wani launi na daban ko wata fuska da ba a saba gani ba takan ninka ta yau da kullum kuɗi sau da yawa, wasu ma an sayar da su sama da dala dubu.

Daga nan ne tambayar da masu kiwo ke yawan yi wa junansu take tasowa. Jinjiri ya fito daga jakar uwa, an duba shi, an ga hancinsa gajere, ko goshinsa ya yi tudu, ko idanunsa sun yi nesa da juna, ko muƙamuƙinsa na ƙasa bai haɗu da na sama daidai ba. Me za a yi da shi? Wasu sai su nufi likitan dabbobi. Wasu kuma sai su fara lissafin wace mace za a haɗa shi da ita don a sami irinsa da yawa. Ra'ayina a nan a fili yake: baƙuwar fuska a jikin wannan dabba dalili ne na bincike, kuma har sai an tabbatar da abin da ke ƙarƙashinta, dalili ne na cire dabbar daga layin barbara.

Kafin a kai ga haka, ya kamata a san cewa ba duk abin da ya ba sabon mai kiwo tsoro ne cuta ba. Namiji idan ya balaga sanƙo yakan fito masa a tsakiyar goshi, wani ɗan fili mai maiƙo. Nan ne yake fitar da warin da yake shafa wa 'yan gidansa, domin a daji shuga gilaida a garke take kwana cikin kogon bishiya, kuma da wari suke gane nasu da bare. Akwai irin wannan wuri a ƙirjinsa ma. Idan aka fiɗiye shi, gashi yakan dawo ya rufe sanƙon. Haka nan dogayen haƙoran nan biyu na ƙasa da suka turo gaba, ba tawaya ba ce. Da su take ɓantarar ɓawon itace. Kuma ba irin na ɓera ba ne da ke ta tsawo har mutuwa, saboda haka wanda ya sa aka datse su ya yi wa dabbar illar da ba ta gyaruwa.

Akwai kuma fuskar da ta canja saboda abinci, kuma wannan ita likitoci suka fi gani. A daji wannan dabba tana shan ruwan jikin bishiyar turare, tana cin ƙaron itatuwa dangin dakwara da bagaruwa, tana lasar ruwan furanni, sannan ta farauci ƙwari, musamman lokacin haihuwa. Duk abin nan sai ta yi aiki da haƙori kafin ta same shi. A keji kuwa, ana tura mata 'ya'yan itace masu laushi da zuma da kayan zaƙi. Datti ya taru a haƙora, dasashi ya kumbura, ƙwayar cuta ta shiga saiwar haƙori, sai a wayi gari gefe ɗaya na fuska ya yi suntum da mugunya. Wani lokaci ƙurjin yakan taru a bayan ido, ya turo idon waje. Idan uwa ta yi ƙiba fiye da kima, akan ga farin tabo na kitse a idon 'ya'yanta, ana kuma samun yanar ido a wasu. Sai babbar matsala ta ƙarancin kalsiyam: abincin da fosfaras ya yi wa yawa yakan sa jiki ya riƙa zuƙe kalsiyam daga ƙashi, ƙashi ya yi laushi, ƙafafun baya su shanye. Shi ya sa likitoci ke cewa a nemi kalsiyam ya kai kamar ninki biyu na fosfaras a abincinta. Jinjirin da ya tashi a jikin uwar da ba ta samun wannan, ƙashin jikinsa duka, har na kai, da ƙarancin aka gina shi.

Muhimmancin wannan ga batunmu shi ne, mai kiwon da ya ga gajeren muƙamuƙi ya ce ya samo sabon iri, wataƙila abin da yake kallo yunwa ce ta ɓoye ko ciwo. Da ido kawai ba a rabewa. Sai an sa dabbar barci da iskar magani an buɗe bakin an duba, an ɗauki hoton ƙashin kai, an tambayi abin da uwar ke ci.

Launi, da abin da ke tafe da shi

Mafi yawan abin da aka sani game da gadon launi a shuga gilaida daga rubuce-rubucen masu kiwo ya fito, waɗanda suka shafe shekaru suna lura da wa ya haifi wa. A wurinsu akwai mai farar fuska, wadda ba ta da baƙin tabon nan na ƙarƙashin kunne, fuskarta ta yi haske. Wannan siffa ce mai rinjaye, ko ɗaya daga iyaye ne ke da ita tana iya fitowa a ɗa, kuma ta bazu sosai ba tare da an danganta ta da wata cuta ba. Akwai fara fat mai baƙin ido, akwai zabiya mai jan ido, akwai mai ruwan madara, akwai dabbare-dabbare. Sannan akwai biyu da suka shafi fuska kai tsaye. Ɗaya ita ce mai baƙar fuska, wadda hasken da ke kewaye da ido ya ɓace mata. Ɗaya kuma suna ce mata zaki, mai ruwan zuma, wadda ake siffantawa da kewayayyar fuska da hancin da ya ɗan fi na sauran gajarta.

Masu kiwo da suka san abin da suke yi suna gargaɗin kada a haɗa baƙar fuska da baƙar fuska, domin a cewarsu 'ya'yan da suka fito baƙi ƙirin daga irin wannan haɗi sukan mutu da yawa tun suna ƙanana. Suna kuma faɗi cewa a wasu zuriyoyin dabbare-dabbare mazan ba sa haihuwa, matan ne kawai ke yi, kuma matan suna miƙa matsalar ga 'ya'yansu maza. Akwai wani iri mai suna karamel, wanda ya ɗan fi sauran girman jiki da kunne. Shi ma sun lura cewa idan aka haɗa shi da na yau da kullum, mazan da aka haifa ba sa haihuwa. Suna kuma maganar wata larurar jijiya da ke sa jinjiri makyarkyata da kaɗa kai, wadda suke dangantawa da gado. Duk wannan ba baƙon abu ba ne ga masana halitta. A karnuka masu wani launin dabbare-dabbare, haɗa biyu masu wannan siffa yana haifar da kurame da makafi. A kyanwar nan ta Sikotilan mai naɗaɗɗen kunne, ƙwayar gadon da ta lanƙwasa kunnen ita ce dai ke lalata guringuntsin gaɓoɓi, ta bar kyanwar da ciwo iya rayuwarta. Ƙwayar gado ba ta cika yin aiki ɗaya tak ba. Wadda ta taɓa launi ko siffar kunne takan taɓa wani wuri da ido ba ya gani.

Farar mai baƙin ido da zabiya su ne suka fi jefa masu kiwo cikin jarabawa, saboda siffofinsu ɓoyayyu ne. Lissafin iri ɗaya ne da wanda muka sani a gwajin jinin sikila: iyaye biyu kowanne yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye, ba a ganin komai a jikinsu, amma kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu na fitar da ɗa mai siffar a bayyane. To mai kiwon da Allah ya ba fara guda ɗaya, ina zai samo wata mai ɗauke da ƙwayar? Hanya mafi sauƙi da arha ita ce cikin gidan da ta fito: uwarta, ubanta, 'yan uwanta. Da haka aka yawaita waɗannan launuka a farkon lamari, daga 'yan dabbobi ƙalilan. Matsalar ita ce ba ƙwayar farin gashi kaɗai ke haɗuwa da 'yar uwarta ba. Duk wata ɓoyayyar tawaya da kakan ke ɗauke da ita, ta ƙashi ko ta zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, ita ma ta sami hanyar fitowa.

Akwai ma'aunin da ake auna wannan da shi, wanda masanin gado Ba'amurke Sewall Wright ya tsara a 1922. Idan uba ya haihu da 'yarsa, ko wa da ƙanwa uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aunin ɗan da aka haifa kashi 25 ne cikin ɗari. Idan uba kaɗai suka haɗa ko uwa kaɗai, kashi 12.5. Masu kiwo na ƙwarai suna shigar da salsalar dabbobinsu a rumbun bayanai na intanet, su lissafa wannan ma'auni kafin su haɗa mace da namiji. Abin a yaba ne. Amma salsala tana da iyaka: tana farawa ne daga dabbar farko da aka rubuta sunanta, tana kuma ɗauka cewa waɗannan na farko ba su da dangantaka da juna. Ko kaɗan ba lallai ne haka ya zama gaskiya ba.

A 2019 mujallar kimiyya ta PeerJ ta buga binciken ƙwayoyin halitta da aka yi kan shuga gilaidar da ake kiwo a Amurka. Mutane da yawa sun ɗauka daga Ostiraliya suka zo, duk da cewa ƙasar ta daɗe da hana fitar da dabbobin dajinta da rai don kasuwanci. Binciken ya nuna asalinsu yankin Papua ta Yamma ne a Indunusiya, wajejen garin Sorong. Tun a 2012 ma mujallar ƙungiyar TRAFFIC, mai sa ido kan cinikin namun daji, ta buga rahoto kan yadda ake kamo su daga dazuzzukan wannan yanki, da zargin ana wuce adadin da hukuma ta yarda. Ke nan dubban dabbobin da ke gidajen Amurka daga lungu ɗaya na duniya tushensu yake, sannan aka sake tace su don neman launi. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Charles Darwin da ke Ostiraliya suka nuna cewa abin da aka daɗe ana ɗauka jinsi ɗaya ne a ƙasar, ashe jinsi uku ne. Wannan ya ƙara wa maganar masu kiwo game da karamel nauyi, domin rashin haihuwar maza alama ce da aka sani idan aka haɗa dabbobin da suka yi nisa da juna. Mai kiwo yana tsakanin ramuka biyu: kusanci ya yi yawa, ko nisa ya yi yawa.

Ba duka laifin ke kan masu neman kuɗi ba. Barbara da yawa tsakanin dangi a gidajen masu ƙaunar dabbar take faruwa, cikin rashin sani. Cikin shuga gilaida kwana 15 zuwa 17 ne kacal. Jinjirin da ake haifa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na giram ba, ya rarrafa ya shiga jaka, ya kama nono ya zauna kamar kwana 70 kafin ya leƙo. Ɗaya ko biyu ake haifa, kuma a keji, inda abinci ba ya yankewa, uwa tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara. A daji 'ya'ya sukan bar gida kafin su cika shekara, su nemi wani garke. A keji babu inda za su. Mutum ya sayi mace da namiji don kada su yi kaɗaici, kuma ya yi daidai, domin wannan dabba idan aka bar ta ita kaɗai takan shiga damuwa har ta riƙa cizon jikinta. Amma bai fiɗiye namijin ba. Shekara ta zagayo, uba ya bi 'yarsa, ɗa ya bi uwarsa. Keji ya cika, sai a fara rabarwa ko sayarwa ba tare da wata takarda ba, wanda ya karɓa kuma ya haɗa su da wasu da bai san tushensu ba.

Me ya sa gajeren hanci ya fi komai tayar da hankali

Launi aƙalla a gashi yake. Siffar fuska kuwa a ƙashi take, kuma a nan ne nake ganin haɗarin ya fi girma, domin mun riga mun ga inda wannan hanya ta kai wasu dabbobi. A 1943 masanin ɗabi'ar dabbobi Konrad Lorenz ya bayyana cewa ɗan Adam yana da rauni a kan fuska mai kama da ta jariri: babban goshi, manyan idanu, ƙaramin hanci. Wannan rauni ne ya sa aka yi ta zaɓen karnuka masu ɗan guntun hanci har aka kai ga irin su buldog na Ingila da na Faransa, waɗanda da yawansu numfashi ma wahala yake ba su, haƙoransu sun cushe a ɗan ƙaramin baki, idanunsu sun fito waje suna samun rauni. Ba rana ɗaya aka kai nan ba. Kowane mai kiwo ɗan kaɗan ya ƙara, yana ganin bai yi komai ba.

Fuskar shuga gilaida kayan aikinta ce gaba ɗaya. Da hanci take sanin 'yan gidanta, da haƙoran gaba take samun abinci, da yatsu da baki take gyara gashinta, idanunta kuma tun asali a waje suke, abu kaɗan ke karce su. Ƙoƙon kan da bai fi kan babban yatsa ba da yawa, ina sararin da za a rage a cikinsa? Idan muƙamuƙi ya gajarta, haƙora ba su ragu ba, sai su hau kan juna, abinci ya maƙale, ƙurjin nan da muka ambata ya sami wurin zama. Goshin da ya yi tudu kuma, a dabbobi da yawa, yana iya zama alamar taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Ba cewa nake yi duk mai kewayayyar fuska marar lafiya ce ba; akwai bambancin fuska na halitta tsakanin dabba da dabba kamar kowane mai rai. Abin da nake tsoro shi ne ranar da gajartar hanci za ta zama abin talla, a riƙa haɗa gajere da gajere. Dabbar da ke balaga cikin shekara guda ba ta buƙatar dogon zamani kafin siffarta ta karkace.

Labarin farar damisar Indiya ya isa misali. Mafi yawan waɗanda aka yi ta nunawa a gidajen namun daji sun fito ne daga namiji guda, Mohan, wanda aka kama a yankin Rewa a 1951, aka haɗa shi da 'yarsa don a sami farare. Zuriyar ta yi fama da harara-garke da karkatar ƙashin baya da tsagewar ganɗa, kuma ba a cika nuna wa 'yan kallo waɗanda suka fito da tawaya ba. Sai a 2011 ƙungiyar gidajen namun daji ta Amurka ta hana mambobinta irin wannan kiwo. Shekara sittin ke nan ana yi.

Doka ta fara motsawa, amma galibi a kan karnuka da kyanwoyi. Dokar kare dabbobi ta Jamus, a sashe na 11b, ta haramta kiwon da aka san zai jawo wa 'ya'ya ciwo ko tawaya. Holan ta fara tsaurara aiki da dokarta kan karnuka masu guntun hanci a 2019. A Nowe, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2023 da hana kiwon karen Cavalier King Charles saboda cututtukan gado. Shuga gilaida kuwa, dokokin da suka shafe ta sun fi karkata ga wa zai riƙe ta. Jihohin Kalifoniya da Alaska da Hawayi sun hana ajiye ta, haka ma birnin New York. A Ostiraliya kanta wasu jihohi sun yarda, wasu sun hana. A Amurka mai mata fiye da huɗu na haihuwa yana buƙatar lasisin ma'aikatar gona ta tarayya, sai dai masu duba irin waɗannan wurare tsabta da abinci da girman keji suka fi dubawa. Wa aka haɗa da wa, wannan an bar wa mai kiwo da zuciyarsa.

Saboda haka nauyin ya koma kan mutum biyu, mai kiwo da mai saye. Mai saye yana da ikon da bai sani ba: ya nemi a nuna masa salsalar jinjiri, ya ga uwa da uba da idonsa, ya tambayi 'yan uwan da aka haifa kafin wannan ina suke, nawa suka rayu. Mai kiwon da ya ɓata rai don an yi masa waɗannan tambayoyi ya riga ya ba da amsa. Ya kuma tuna cewa dabbar nan tana iya kaiwa shekara 12 ko fiye a keji, kuma likitan da ya san ta ba a kowane gari ake samunsa ba, ko a ƙasashen da ta yi yawa.

Shi kuwa jinjirin da ya riga ya zo da baƙuwar fuska, ba a ce a yar da shi ba. Da yawansu suna rayuwa lafiya idan ana duba haƙoransu a kai a kai, ana auna nauyinsu, ana lura da yadda suke tauna da numfashi. Idan namiji ne, fiɗiya aiki ne mai sauƙi a hannun likitan da ya saba, kuma bayan ya warke zai koma cikin 'yan uwansa. Idan mace ce, aikin cire mahaifa yana da wuya da haɗari a jiki ƙarami irin wannan, don haka sai a zaunar da ita da mata ko da mazan da aka fiɗiye. Iyayen da suka haife shi kuma a raba haɗinsu, a rubuta abin da ya faru a salsalarsu, a sanar da duk wanda ya sayi 'yan uwansa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi yi wa masu kiwo ɗaci, domin yana taɓa suna da ciniki, kuma a nan ne da yawa suke yin shiru su ci gaba da sayarwa.